Kiɗan emo: kukan zucin samarin Amurka da ya zama haja

A shekara ta 1985, a birnin Washinton, fadar mulkin ƙasar Amurka, wasu samari makaɗa suka gaji da dambe da ture-turen da suka mamaye wuraren wasan hardcore, wani reshe na kiɗan rock mai sauri da ihu da ƙarar gitar. Sai suka sake lale. Maimakon zagin hukuma kaɗai, mawaƙi ya koma faɗin abin da ke cin ransa: kaɗaici, nadama, rabuwa da masoyi. Daga nan ne kiɗan emo ya samo asali. Sunan kuwa gutsure ne daga kalmar Ingilishi mai nufin motsin zuciya.

Ƙungiyar da aka fi jingina wa wannan farko ita ce Rites of Spring, ta mawaƙi Guy Picciotto. Cikakken faifai ɗaya tak ta fitar, a 1985, a kamfanin Dischord, kuma a cikinsa ne waƙar “For Want Of” take. A 1986 ƙungiyar ta watse. Ian MacKaye, wanda ya kafa Dischord tare da Jeff Nelson a 1980, yana jagorantar ƙungiyar Embrace a lokacin, kuma ya fito fili ya ƙi sunan da aka laƙaba ma kiɗan nasu. Sai dai an ce suna linzami ne. Ya kama, bai saki ba.

Waɗannan samari ba su ɗauki kiɗa hanyar tara dukiya ba. Da MacKaye da Picciotto suka haɗu cikin ƙungiyar Fugazi, sun yi shekaru suna riƙe kuɗin shiga wasansu a wajen dalar Amurka 5, sun kuma ƙi sayar da kansu ga manyan kamfanonin faifai. Dalilinsu shi ne wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: kamfanin da ya zuba jari shi ne zai riƙa faɗin irin waƙar da za a yi da farashin da za a sayar da ita.

Cikin shekarun 1990 kiɗan ya bazu zuwa wasu birane, ya kuma yi taushi. A Seattle, ƙungiyar Sunny Day Real Estate ta fitar da faifan “Diary” a 1994, mai ɗauke da waƙoƙin “Seven” da “In Circles”. A garin Urbana na jihar Illinois, ɗaliban jami’a uku suka kafa American Football, suka naɗi faifai guda a 1999, sa’an nan kowa ya kama gabansa. Waƙarsu “Never Meant”, wadda ke magana a kan soyayyar da ta mutu ba tare da faɗa ba, ta ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu, daga baya ta hanyar intanet, har ta zama abin koyi ga makaɗa na baya.

Kuɗi sun shigo ne a farkon shekarun 2000. Labarin Jimmy Eat World, ƴan jihar Arizona, abin lura ne ga duk mai sana’a. Bayan faifansu “Clarity” na 1999 bai yi kasuwa ba, suka rabu da kamfanin Capitol. Ba su karaya ba: suka yi yawon wasa, suka tara kuɗi, suka naɗi sabon faifai daga aljihunsu. Wannan faifai, “Bleed American”, ya fito a 2001, an sayar da fiye da miliyan 1 a Amurka, waƙar “The Middle” kuma ta kai matsayi na 5 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a ƙasar a 2002. Waƙar lallashi ce ga matashin da ke jin an ware shi.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Gerard Way ya kafa My Chemical Romance a jihar New Jersey bayan ya ga harin 11 ga Satumba 2001 da idonsa. Waƙarsu “Welcome to the Black Parade” ta hau matsayi na 1 a Ingila a 2006. Fall Out Boy da “Sugar, We’re Goin Down” a 2005, da Paramore da “Misery Business” a 2007, su ma sun cika gidajen rediyo. Emo ya tashi daga kiɗa kawai ya zama sutura: baƙaƙen tufafi, matsattsen wando, gashi mai rufe ido guda, kwalli har ga samari.

Wannan shiga ta jawo wa matasa da yawa wahala. A 2008 jaridar Daily Mail ta Ingila ta danganta kiɗan da mutuwar wata yarinya da ta kashe kanta; magoya bayan My Chemical Romance suka yi zanga-zanga a Landan, suna cewa waƙoƙin ƙarfafa gwiwa suke yi, ba sa kira ga mutuwa. A watan Maris na wannan shekara, a birnin Querétaro na ƙasar Meksiko, taron samari suka far ma ƴan emo da duka. A 2012 abin ya fi muni a Iraƙi, inda aka kashe matasa a Bagadaza saboda aski da tufafinsu. 

Yayin ya ja baya, amma waƙoƙin ba su mutu ba. My Chemical Romance ta watse a 2013, ta sake haɗuwa a 2019. American Football ta dawo a 2014, ta tarar da masu saurare fiye da na da. Gidan katako da hotonsa ke jikin faifansu na 1999 ya zama wurin ziyara a Urbana, kuma a 2023 ƴan ƙungiyar da abokansu suka haɗa kuɗi suka saye shi don kada a rushe shi.