Ruwan Tiga, Fadamar Nguru da Lissafin "Akwai Ko Babu"

Duk shekara, da zarar damina ta ɗauke, lissafi ɗaya ne ke jiran masu kula da kogin Haɗeja. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, ta 1992, su ke riƙe da ruwan da birnin Kano ke sha da wanda manoman rani na Kadawa ke ban ruwa da shi. Abin da aka saki ne ke gangarawa fadamar Nguru, ya zarce Gashuwa. A can ƙasa akwai masunta, da manoman shinkafa, da makiyayan da ke saukowa daga tudu irin na Machina idan ciyawa ta ƙone. Kowa da sharaɗinsa: kada ruwa ya gaza kaza, kada ya wuce kaza ya cinye gonaki. Tambayar da ke gaban jami'in Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ita ce: shin akwai tsarin sakin ruwa da zai cika dukan sharuɗɗan nan a lokaci guda, ko babu?

Irin wannan tambaya tana da fannin ilimi nata, kuma rukuni biyu na masana sun daɗe suna nazarinta, kowanne a zaurensa.

Na farko su ne masu aljabara ta kwamfuta, waɗanda ke sarrafa alamomi irin su x da y ba tare da ƙiyasi ba. A 1948 aka buga aikin Alfred Tarski da ya tabbatar da cewa duk wata magana da aka gina da tarawa, ninkawa da kwatanta girman adadi masu karɓar gutsure, akwai hanyar yanke mata hukunci. Sai dai hanyar tasa ta fi ƙarfin kowace na'ura. George Collins ya kawo gyara a 1975: a yanka filin lissafin gida-gida, ta yadda amsa ba ta sauyawa a cikin gida ɗaya, sannan a gwada ɗigo guda daga kowane gida. Dabara ce mai kyau, amma gidajen na hayayyafa fiye da kima. A 1988 James Davenport da Joos Heintz suka nuna cewa, a mafi munin hali, wannan nauyi daga asalin matsalar yake.

Rukuni na biyu masu binciken "i ko a'a" ne, fannin da ake kira SAT. Manhajojinsu kan yi zato, su ci karo da saɓani, su riƙe dalilin saɓanin don kada su sake bin wannan hanya. Da haka suke warware matsaloli masu dubban sharuɗɗa cikin ɗan lokaci. Z3 ta kamfanin Microsoft na cikin fitattun da suka ƙara lissafi a kan wannan tushe. Rauninsu na bayyana ne idan aka ninka abu biyu da ba a san ƙimarsu ba.

Ruwan Nguru kuwa na buƙatar hannu biyun. A buɗe ƙofar madatsa ko a rufe, wannan "i ko a'a" ne. Amma ruwan da rana ke shanyewa ya dogara da faɗin tafki, faɗin kuma ya dogara da yawan ruwan da aka riƙe. Nan aljabara ta shigo.

A 2012 Dejan Jovanović da Leonardo de Moura suka haɗa dabarun biyu: maimakon yanka dukan filin, sai a gina gida ɗaya kawai a inda zato ya ci tura, a toshe shi, a ci gaba. Daga 2016 zuwa 2018 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin shirin SC² don zaunar da ɓangarorin a tabarma ɗaya, da Davenport na Jami'ar Bath a Ingila da Erika Ábrahám ta Aachen a Jamus cikin jagororinsa.

Akwai iyaka. Idan adadin ba ya karɓar gutsure, kamar yawan shanu ko rijiyoyin burtsatse, kuma ninkawa ta shiga, Yuri Matiyasevich ya tabbatar tun 1970 cewa babu hanya ɗaya da za ta amsa kowace tambaya. Haka kuma na'ura ba ta gyara alƙaluman da aka auna ba daidai ba a bakin kogi.

Abin da ya fi dacewa da mai rubuta wa minista takardar shawara shi ne yadda manhajar ke cewa "babu". Takan ware 'yan sharuɗɗan da ke karo da juna daga cikin ɗaruruwa. Idan, a misali, ta nuna cewa buƙatar Kadawa a watan Maris da mafi ƙarancin ruwan da ya kamata ya isa Gashuwa ba sa haɗuwa, to taron da za a kira ya san layi biyun da zai zauna a kansu, da kuma mutanen da dole a gayyato daga Kano da Yobe.