Zakaran Iri Ba na Miya Ba Ne: A Duba Kafin a Biya

Kiwon kajin gida ya dawo da ƙarfinsa a Minna, daga Bosso zuwa Chanchaga, musamman ganin yadda kuɗin abincin kajin gidan gona ya gagari talaka. Sai dai da yawa daga cikin masu zuwa Kasuwar Kure ko kasuwannin Paiko da Beji neman iri, da idon mai miya suke saye. A ɗaga zakara, a ji nauyinsa, a yi ciniki. Wanda za a yanka wannan ya ishe shi. Amma zakaran da zai hau kaji goma, rabin jinin duk tsakon da za a ƙyanƙyashe nasa ne, kuma mai kiwo bai cika kai wanda ya fi so kasuwa ba. Wanda ya tsame yake kaiwa.

Don haka ka riƙe shi da hannunka. Duba bakinsa: na sama da na ƙasa su haɗu daidai, kada su saɓa. Mai karkataccen baki ba ya tsince hatsi da kyau, kuma yakan gadar wa 'ya'yansa. Shafa ƙashin ƙirjinsa da yatsa ka ji ko ya miƙe. Sannan ka ce wa dillali ya kwance masa ƙafa ya ajiye shi ƙasa ya taka, don ɗaurin nan na igiya yana ɓoye ɗingishi da lanƙwasassun yatsu. Wutsiyar da ta kwanta gefe guda ita ma abin gudu ce.

Akwai kuma siffofin da ba aibi ba ne. Marar gashin wuya, wadda wasu ke ƙyama, ta fi sauran jure zafi, kuma duk wanda ya san Minna a watan Maris ya san darajar hakan. Fingi ma, mai murɗaɗɗen gashi, lafiyarta lau, matsalar tana wajen haɗi. In aka haɗa fingi da fingi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan kan zo da gashi mai karyewa, su rage kusan tsirara, sanyin damina ya yi ta ɗibarsu. A haɗa ta da mai kwantaccen gashi. Wani nau'in durgu ya fi haka muni, domin in uwa da uba duk gajerun ƙafa ne, kimanin rubu'in ƙwan a cikin ɓawo suke mutuwa kafin kwana 21 su cika, mai kaji kuwa ya yi ta zargin dakwalwa da rashin iya kwanci.

Kada kuma a ɗora wa gado komai. Yatsun tsako kan naɗe saboda ƙarancin sinadarin bitamin B2 a abinci, ko zafin injin ƙyanƙyasa da ya yi ta hawa da sauka. Daɓe mai santsi kan ware masa ƙafafu. Farin zawon da ke kashe 'yan tsaki a makonninsu na farko cuta ce da ke bi ta cikin ƙwai, aikin likitan dabbobi ne. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: in aibin ya ci gaba da fitowa daga 'ya'yan zakara guda alhali an gyara abinci da shimfiɗa, to daga jini ne.

In ka riga ka saya, cire mai aibin daga iri, namansa halal ne. Sayar wa wani da sunan iri ba tare da faɗa masa ba kuwa algus ne. A riƙa sauya zakara daga wani gari daban, don in ya yi ta hawa 'ya'yansa, baragurbi ke yawa kuma ɓoyayyun aibobi su fito fili. Sabon da aka kawo a keɓe shi mako biyu kafin ya shiga cikin sauran.

Masu sha'awar Noiler, ko Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, ko FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abeokuta, su sani cewa waɗannan haɗaɗɗun iri ne. 'Ya'yan da za su haifa maka a gida ba lallai su kai iyayensu girma ko yawan ƙwai ba, sai an koma wa masu ƙyanƙyasa an sayo sababbi.