Gajeriyar tafiya da sanyin safiya: abin da ke tsufar da injin mota tun bai ci zango ba

Unguwar Erdington tana arewa maso gabashin birnin Birmingham na ƙasar Ingila, kimanin mil 5 daga tsakiyar gari. A gefenta ne mahaɗar hanyoyin nan ta Gravelly Hill take, wadda aka buɗe a 1972, kuma jama'a suka laƙaba mata sunan Spaghetti Junction saboda yadda gadojinta suka sarƙe kamar taliya. Ta nan babbar hanyar M6 ta bi ta nufi arewa wajen Manchester, motoci suna sharara gudu a kanta ba dare ba rana. Sai dai kuma a cikin unguwar kanta, aikin mota na yau da kullum ba na dogon zango ba ne. Kai yara makaranta ne, da leƙa kantunan High Street, da zuwa asibiti ko masallaci ko coci, a dawo gida cikin 'yan mintoci.

Mai irin wannan mota yakan ɗauka cewa yana lallaɓa ta, tun da ba ya ba ta wahalar hanya. Injiniyoyin mota kuwa sun daɗe da sanin cewa abin ba haka yake ba. Lokacin da inji ya fi cin kansa shi ne mintocin farko bayan an tashe shi da sanyi. Motar da kullum ake kashe ta kafin ta ɗauki zafi, kusan duk rayuwarta a cikin waɗannan mintoci take yin ta.

Matsalar ba ta Erdington ba ce kaɗai. Wani shirin sufuri da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa fiye da rabin tafiye-tafiyen da ake yi da mota a Ingila ba su kai mil 5 ba, wato kilomita 8. A cikin hunturu, lokacin da sanyin asuba a Birmingham kan sauka kusa da sifili, wannan tazara ba ta cika isa baƙin mai ya yi zafin da ake bukata ba.

An ƙera injin mota ne domin ya yi aiki yayin da ruwan da ke zagaya shi ya kai wajen digiri 90 a ma'aunin Selshiyas. A wannan zafi ne fistin da zobbansa da bangon silinda suke buɗawa su dace da juna daidai yadda maƙera suka auna. Kafin a kai nan, abubuwa uku ne ke faruwa. Na farko, baƙin mai ya kwana a ƙasan inji, ya kuma yi kauri saboda sanyi, don haka yakan ɗauki ɗan lokaci kafin famfo ya tura shi ya isa sassan da ke can sama. A wannan ɗan tsakani, guntun man da ya rage a jikin ƙarafa tun jiya shi kaɗai ke raba su da gogar juna.

Na biyu, fetur ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi, saboda haka dole a ƙara yawansa kafin wuta ta kama. Wani ɓangare nasa yakan kwanta a bangon silinda, ya wanke man da ke wurin, sannan ya zurara ta gefen zobban fistin ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Na uku kuwa shi ne ruwa. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana haifar da kimanin lita ɗaya ta ruwa. In inji ya yi zafi, ruwan yakan fice ta salansa a matsayin tururi. In kuwa da sanyi ne, sai ya yi raɓa a jikin ƙarfe, ya haɗu da sauran dattin ƙuna ya zama ruwa mai tsami da ke cin ƙarfe. Tun a shekarun 1930 masu bincike a Ingila suka gano cewa wannan tsatsa ta sanyi tana daga cikin manyan dalilan da ke sa silinda ta cinye.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne baƙin mai ya fi ruwan lagireto jinkirin ɗaukar zafi. Allurar da ke gaban direba zafin ruwa take nunawa, kuma takan iya kaiwa tsakiya alhali man bai gama ɗumama ba. Sai mai ya yi zafi sosai, ya kuma jima a haka, sannan ruwa da fetur ɗin da suka shiga cikinsa suke ƙafewa. In ba a ba shi wannan dama ba, na yau ya taru a kan na jiya. Shi ya sa makanikai kan buɗe murfin zuba baƙin mai su tarar da wani abu fari-fari mai kama da kindirmo ya manne a ciki. A motar da ke gajerun tafiye-tafiye, wannan sau da yawa raɓa ce ta gauraya da mai. Amma in ruwan lagireto yana raguwa tare da haka, to, a hanzarta zuwa gareji, domin mai yiwuwa gaskit ne ya ƙone.

Ita kanta Erdington tana da tsohuwar alaka da wannan batu. Ban da masana'antar taya ta Fort Dunlop, wadda a yanzu aka mai da babban gininta ofisoshi da otal, a titin Wood Lane na unguwar ne kamfanin SU ya koma da masana'antarsa ta kafireto a 1947, kuma shekaru da dama yawancin motocin Morris da Austin da MG da kafireton wannan kamfani suke fitowa. A zamanin kafireto, direba da hannunsa yake jawo cok da safe don ƙara wa inji fetur, kuma in ya yi garajen tashi motar takan yi ta shaƙewa ko ta mutu a hanya. Daga nan al'adar barin mota ta yi ɗumi a tsaye ta samo asali, kuma a lokacin tana da hujja.

Tun daga farkon shekarun 1990 kafireto ya kau daga sababbin motoci a Turai, injekta ta maye gurbinsa. Yanzu kwamfutar mota ce ke auna zafin inji da na iska, ta daidaita fetur daƙiƙa bayan daƙiƙa. Amma al'ada ba ta bi kafireto ta tafi ba. Injin da aka bari yana silo ɗan zafi kaɗan yake samarwa, don haka ya fi daɗewa a cikin sanyin da ake gudu. Shawarar da ke cikin littattafan masu ƙera motocin zamani ita ce a tashi mota, a ba ta 'yan daƙiƙoƙi mai ya zagaya, a ja ta a hankali, kada a taka totur da ƙarfi ko a ɗora mata nauyi sai ta ɗauki zafi.

A Birtaniya ma doka ta shigo cikin maganar. Ƙa'ida ta 123 a kundin dokokin hanya ta hana barin inji yana aiki ba gaira ba dalili a kan titin gwamnati, kuma ƙananan hukumomi a Ingila suna da ikon cin tarar fam 20 ga direban da aka ce ya kashe ya ƙi. Haka nan 'yan sanda kan yi gargaɗi duk hunturu game da ɓarayin da ke fakon masu kunna mota don ƙanƙara ta narke daga gilashi, su koma cikin gida su bar makulli a jiki.

Ba inji kaɗai gajeriyar tafiya ke cutarwa ba. Tayar da mota yana jan wuta mai yawa daga batir, kuma tafiyar minti biyar da fitilu da na'urar ɗumama ciki a kunne ba ta mayar masa da abin da ya bayar. Ruwan da ya kwanta a salansa yakan ci ta daga ciki. Ita kuma na'urar tace hayaƙi da aka wajabta wa sababbin motocin fetur a Turai daga 1993 ba ta fara aiki sosai sai ta kai zafin digiri 250 zuwa 300, ma'ana mafi munin hayaƙin mota yana fita ne a kilomitocin farko, a ƙofar gida da bakin makaranta. Hukumar birnin Birmingham ta kafa yankin tsabtar iska a ranar 1 ga Yuni, 2021, inda aka sanya wa tsofaffin motoci masu hayaƙi kuɗin shiga fam 8 a rana, amma yankin tsakiyar gari ya shafa, Erdington tana wajensa.

Masu motocin dizal su suka fi jin jiki. Daga 2009 ƙa'idojin hayaƙi na Turai suka sa kusan kowace sabuwar motar dizal tana zuwa da matatar da ke kama baƙin toka. Matatar tana wanke kanta ne ta hanyar ƙone tokar a zafin da ya kai wajen digiri 600, abin da ke bukatar tafiya mai ɗan tsawo ba tsayawa. Motar da ba ta wuce zagayen unguwa takan toshe matatarta, gyaran kuma da tsada. Cire ta ba mafita ba ce, domin tun daga Fabrairun 2014 motar da aka cire wa ita ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara-shekara da ake kira MOT.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan ciwon mutanen ƙasar sanyi ne. Gaskiya ne sanyin hunturu a ƙasar Hausa bai kama ƙafar na Ingila ba, kuma inji ya fi saurin ɗumama a can. Amma a wajen inji, duk abin da ya gaza zafin aikinsa sanyi ne. Ko da asubar da ta kai digiri 25, akwai sauran tazarar fiye da digiri 60 a gabansa. Ga kuma wasu al'adu biyu da suka zama ruwan dare. Ɗaya ita ce ɗumama mota minti goma ko fiye da safe, har da taka totur a tsaye, wanda ɓarnar fetur ce a lokacin da farashinsa ya ninka bayan janye tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023. Ɗayar kuwa ita ce cire tamostat, ɗan bawul ɗin nan da ke tsare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi. Makanikai da yawa kan cire shi daga motocin da aka shigo da su, da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne. Sakamakon haka shi ne inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara masa fetur, a wayi gari an sayi ciwon Erdington da kuɗi a tsakiyar Sahel. Ƙurar hunturu kuma tana ƙara nata, in matatar iska ta tsufa.

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba. A haɗa aike-aike wuri ɗaya, domin injin da aka kashe rabin sa'a da ta wuce yana da sauran ɗuminsa, tashinsa bai kai na asuba illa ba. A ba mota tafiyar kamar rabin sa'a a buɗaɗɗiyar hanya lokaci-lokaci, wanda ga mazaunin Erdington M6 tana bakin ƙofarsa. A yi amfani da irin baƙin man da littafin mota ya ambata. A lamba irin 5W-30, adadin farko yana nuna yadda mai ke gudana da sanyi, kuma ƙanƙantarsa ita ce saurin isarsa sassan inji, don haka zuba mai kauri irin 20W-50 a injin da aka ƙera don mai tsinkakke yana ƙara jinkirin. Sannan a riƙa juye mai bisa watanni, ba bisa kilomita kaɗai ba, domin masu ƙera motoci da yawa sun sanya yawan gajerun tafiye-tafiye a jerin aiki mai tsanani da ke bukatar a matso da lokacin juye.

Darasin ya shafi mai sayen mota ta hannu shi ma. Ƙarancin kilomita a agogo ba shaidar lafiyar inji ba ne. Motar da ta yi kilomita 10,000 a tafiyar kilomita biyu-biyu an tashe ta sau 5,000, yayin da wadda ta yi wannan tazara a tafiyar kilomita ɗari-ɗari sau 100 kawai aka tashe ta. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a tambayi irin aikin da motar ta yi, a nemi takardun juyen mai, a kuma buɗe murfi a duba. Ga tafiyar da ba ta wuce kilomita ɗaya ba kuwa, wadda ta fi kowace cin inji, ƙafa ko keke sun isa.