Tsohuwar Mota Da Bashin Da Ke Kan Al'umma

Masu iya magana na cewa, da tsohuwar zuma ake magani. Ban fahimci zurfin wannan karin magana ba sai a shekarar 2012, lokacin da na je ƙaro ilimi a jihar Michigan ta Amurka, na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo, tsohon soja da ya yi yaƙin Biyetnam. A garejinsa akwai wata mota ƙirar Pontiac GTO ta 1967 a lulluɓe da tamfol, tayoyinta sun sace, tsatsa ta cinye ƙasanta, domin gishirin da ake barbaɗawa a titunan jihar lokacin dusar ƙanƙara ba ya raga wa ƙarfe.

Mai karatu zai so ya san matsayin irin wannan mota a wurin Amurkawa. A shekarar 1964 ne kamfanin Pontiac, bisa jagorancin injiniyoyi irin su John DeLorean, ya ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas, mai ƙarfin doki 325, ya dasa shi a matsakaiciyar mota a kan farashin da matashi zai iya saye. Nan da nan sauran kamfanoni suka bi sahu da irin su Dodge Charger da Chevrolet Chevelle. Zamanin nasu bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, su suka karya lagon waɗannan motoci masu shan mai kamar rairayi. Shi kansa Pontiac an rufe shi a 2010. Saboda haka wadda ta tsira, aka kuma gyara ta tsaf, takan yi daraja ƙwarai a kasuwar gwanjo.

Abin da ya sa dattijon ya yaye tamfol ɗin shi ne ɗan maƙwabcinsa, wanda ya dawo daga Iraƙi da ƙafa ɗaya. Watanni iyayen yaron suka shafe suna jinyarsa a wani gari mai nisa, kuma da ba don gidan sauƙar baƙi na gidauniyar Fisher House ba, da kuɗin otal kaɗai ya tsiyata su. Wani attajiri mai suna Zachary Fisher da matarsa Elizabeth ne suka soma wannan aiki a 1990, inda ake gina gidaje kusa da asibitocin soja domin iyalan majinyata su zauna kyauta. Dattijon ya ƙudiri aniyar gyara motar, ya sayar, ya miƙa musu kuɗin.

Duk ranar Asabar sai abokansa su hallara, wani mai walda, wani tsohon bakanike, wani mai fenti. Aka sauke injin, aka wargaza shi, aka canza ringi da fistin, aka wanke kafireta, aka yanke ruɓaɓɓen ƙasan aka liƙa sabo. Ni da ban taɓa riƙe sifana ba, aikina goge tsatsa da sanfefa. Ranar da injin ya tashi, bayan wata goma sha ɗaya, dattijon ya zauna a kan matuƙi ya yi shiru na tsawon lokaci. Daga baya ya shaida mini cewa da kuɗin da ya tara a fagen daga ya sayi motar, kuma a lokacin da suka dawo gida babu wanda ya yi musu barka da zuwa. Ba ya son yaran yau su ɗanɗani abin da suka ɗanɗana.

Wannan al'ada ta kai har ga manya. A watan Janairun 2013, a gwanjon Barrett-Jackson da ake yi a Scottsdale ta jihar Arizona, an sayar da a-kori-kurar tsohon shugaban ƙasa George W. Bush a kan dala 300,000, kuɗin kuma suka tafi ga wannan gidauniya.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan soja, ita ce a 2007 jaridar Washington Post ta fallasa yadda aka bar sojojinta masu rauni cikin ɗakuna masu ɓeraye da fumfuna a asibitin Walter Reed. Na tambayi dattijon, shin gwanjon mota ba zai sa hukuma ta yi sake da nauyin da ke kanta ba? Ya amsa da cewa zai ci gaba da matsa wa hukuma lamba, amma mahaifiyar da ke buƙatar wurin kwana yau ba za ta jira majalisa ta gama muhawara ba.

Na yarda da shi, amma ban janye tambayata ba. Taimakon jama'a ƙari ne, haƙƙin soja kuwa bashi ne a wuyan gwamnatin da ta tura shi. Duk lokacin da 15 ga Janairu ta zagayo, muka maƙala bajen tunawa da mazan jiya a ƙirji, nakan tuna da garejin nan, in tambayi kaina me na yi wa gwauruwar soja ko guda a unguwarmu. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka kwanta dama, Ya ba masu rauni lafiya.