Gidan Katako a Bakin Iska: Yadda Ake Sauya Falankin Bango a Amurka

Ranar 10 ga Agustan 2020 wata iska ta taso daga wajen Dakota ta Kudu da Nebraska, ta miƙi gabas, ta ci tafiyar kusan kilomita 1,240 cikin awa 14. Irin iskar nan ce da ba ta murɗawa kamar guguwa, kai tsaye take zuwa, masana yanayi suna kiranta dereco. Da tsakar rana ta iso birnin Cedar Rapids na jihar Ayowa, inda aka ƙiyasta gudunta ya kai kilomita 225 a awa, kuma ta haura rabin awa tana kaɗawa. Fiye da rabin itatuwan birnin suka tafi, asarar da ta jawo a duk inda ta bi ta kai wajen dala biliyan 11. Gidajen da suka rushe ƙasa ba su kai yawan waɗanda ta yi wa tsirara ba: gida na tsaye, ƙofa da taga lafiya lau, amma an feɗe bango guda, falankan robar da suka lulluɓe shi suna warwatse a farfajiyar maƙwabta.

Wanda ya saba da ginin bulo da siminti zai tambaya ta yaya iska ke tuɓe wa bango kaya. Sai an san yadda ake gini a can. Yawancin gidajen unguwannin bayan gari a Amurka da katako ake yin su. Ana tsayar da tubaifo a jere, inci 16 tsakanin kowane biyu, wato kimanin santimita 40, a cusa audugar hana sanyi a tsakani, a rufe ta waje da filawud ko allon da aka matse daga ɓarɓashin katako. Kan allon ake shimfiɗa wata takarda mai kama da leda, wadda ke tare ruwa amma ta bar tururi ya fita. Ta kamfanin DuPont mai suna Tyvek ta fi fice, za ka ga sunan ɓaro-ɓaro a jikin gidajen da ba a gama ba. Daga ƙarshe sai a jera falankai a kwance, na sama ya hau kan na ƙasa, tun daga gindin gida har bakin rufi. Falankan nan ba sa ɗaukar nauyin gini ko kaɗan. Su ne dai masu shan duka: rana, ruwa, ƙanƙara da iska.

Da can na katako ake yi, kuma katako ba ya gajiya da neman fenti. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da unguwanni irin su Levittown ta jihar New York, wadda aka fara a 1947, suka yi ta tsirowa a bayan birane, sai falankin alminiyam ya shigo kasuwa. Masu tallarsa gida-gida sun yi ƙaurin suna wajen daɗin baki da ha'inci, har Barry Levinson ya yi fim a kansu a 1987 mai suna Tin Men. Na roba ya fito a ƙarshen shekarun 1950, ya ɗauki lokaci kafin a yarda da shi, sannan ya kori alminiyam daga kasuwa. Dalilin a fili yake: araha, rashin nauyi, kuma da launinsa yake zuwa, babu ruwan mai gida da fenti. A jihohin tsakiya da na arewa maso gabas shi ne ya fi yawa a jikin sababbin gidaje. Kudu ta fi son jan bulo, yamma kuma yaɓen siminti.

Sababbin unguwanni su suka fi shan wahalar iska, kuma ba don rashin sa'a ba. Galibi a tsohuwar gonar masara ko waken suya ake yanka filayen, babu tsohon itace ko ɗaya, bishiyoyin da aka dasa ba su wuce tsayin mutum biyu ba. Gidan da ke layin ƙarshe yana fuskantar fili fetal, iskar da ta yi kilomitoci ba ta haɗu da komai ba shi take fara samu. Dokokin gini ma sun bambanta gidan da ke tsakiyar gidaje da wanda ke bakin fili, suna lissafa wa na biyun nauyin iska mafi girma. Ga shi gidajen bene ne, dab da juna, lungun da ke tsakaninsu yana matse iska ta ƙara gudu. Ƙarin gudun nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take sauke wa bango ninkawa huɗu yake yi.

Abin da yawancin masu gida ba su sani ba shi ne, bangon da iska ke bugawa gaba da gaba ba lallai shi ne ke fara lalacewa ba. A can tana danne falanki ne a jikin gida. Inda take ɓarna shi ne wurin da ta sha kwana: kusurwar gida, bangon gefe, da goshin nan mai kusurwa uku da ke ƙarƙashin tsinin rufi. A waɗannan wuraren zuƙa take yi, tana jan falanki waje. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke ɗaga kwanon rufi daga baki ɗaya ta naɗe sauran ya san wannan aiki. Da zarar falanki guda ya zame daga makamarsa, iska ta samu ƙofa, ta shiga bayan na kusa da shi, sai su yi ta ficewa layi bayan layi.

A nan ne maganar ta koma kan ƙusa, kuma a ganina duk sauran bayani a bayanta yake.

Roba tana miƙewa da zafi, tana tsukewa da sanyi. Falanki mai tsawon ƙafa 12 zai iya motsa kusan rabin inci tsakanin tsananin hunturu da tsakiyar bazara. Shi ya sa a saman kowane falanki akwai jerin ramuka dogaye, ba zagayayyu ba. Ƙa'ida ita ce a sa ƙusa a tsakiyar ramin, a buga ta a miƙe, kuma a tsayar da hama kafin kan ƙusar ya danne robar, a bar 'yar rata kamar kaurin siririn kwabo. Wato rataye falankin ake yi. Ƙwararren kafinta in ya gama layi yakan sa tafin hannu ya tura falankin hagu da dama. In ya zame da 'yar ƙara, aiki ya yi. In ya ƙi motsi, to ranar da zafi ya zo zai kumbura ya yi tudu da kwari, ko ya tsage a bakin ramin. In kuma an bar ƙusar ta yi sako-sako da yawa, falankin zai yi ta kaɗawa da dare yana hana mutane barci, har ranar da ramin zai yage ya zare ta kan ƙusar.

Sai kuma inda ƙusar ta shiga. Ana so ta ratsa allo ta kama tubaifon da ke baya, ta nutse inci 1 da kwata cikin katako, kuma kada tazarar ƙusa da ƙusa ta wuce inci 16. Mai gaggawa, musamman wanda ake biya da yawan bangon da ya rufe, yakan buga duk inda hannunsa ya faɗa. Wani gidan ma ba allo ne a bayan ba, soso ne na hana sanyi, ƙusar da ta kuskure tubaifo a nan ba ta riƙe komai ba. Daga waje babu mai ganewa, tunda falankin sama ya rufe ƙusoshin na ƙasa. Masu binciken hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, da ke zagayawa bayan manyan guguwa sun sha samun irin wannan: ƙusoshi nesa da juna, ko falankin da tun farko ba a maƙala shi sosai da na ƙasansa ba.

Ranar sauya falanki, ma'aikaci yakan ɗauko wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasasshen baki kamar ƙugiya, ya zura shi ƙarƙashin falanki, ya ja ƙasa ya bi da shi gefe, makamar ta buɗe. Da haka ake iya cire falanki guda a tsakiyar bango ba tare da an taɓa sauran ba. Amma in za a sauya duka, daga sama ake farawa, kuma sa'ar da bango ya fito tsirara ita ce sa'ar da ya kamata mai gida ya bar duk abin da yake yi ya zo ya tsaya. A nan ake ganin baƙin tabo a ƙarƙashin taga inda ruwa ya shekara yana zirara, a danna allo da sukuddireba ta nutse kamar cikin burodi. Falankin roba bai taɓa hana ruwa shiga ɗari bisa ɗari ba, har ƙananan huji aka yi masa a ƙasa don wanda ya shiga ya fita. Takardar da ke baya da ƙarfen da ake naɗe bakin taga da ƙofa da shi su ne ainihin masu tsaron gida. Ɗan kwangilar da ya ce a ɗora sabo kan tsoho don a rage kuɗi yana nufin a binne wannan ruɓa ba a gan ta ba.

Wurare biyu ne suka fi kunyata ma'aikaci: layin farko da na ƙarshe. Na farko yana maƙale ne da wani siririn ƙarfe da ake kafawa a gindin bango, in ya karkace duk bangon ya karkace. Na ƙarshe kuwa, wanda ke ƙarƙashin bakin rufi ko taga, sau da yawa dole a yanke samansa don ya shiga, da haka ramukan ƙusarsa sun tafi. Sai an huda masa 'yan kunnuwa da wani abin matsi, a cusa shi cikin makama ta musamman. Malalacin ma'aikaci yakan tura shi kawai ya sauka daga tsani, kuma shi ne falankin da ake tsinta a titi bayan hadari.

Ba duk roba ce ɗaya ba. Akwai siririya ta masu gina gidaje da yawa don sayarwa, akwai mai kauri, kuma ta yankin iska ana ninka mata bakin da ƙusa ke shiga ya zama biyu. A jikin kwali akan rubuta ko kayan ya cika ƙa'idar ASTM D3679, da nauyin iskar da aka gwada shi da ita. Jihar Fulorida ta tsaurara dokokinta bayan guguwar Andrew ta 1992, gundumar Miami-Dade ma tana da nata gwajin daban. Kamfanonin inshora kuwa, da yake aljihunsu ne ke zubar jini, sun gina wata cibiya a Karolina ta Kudu a 2010, inda fanka 105 ke hura iska kan cikakken gida don a ga ta ina yake fara sakewa.

Masu hali da yawa suna komawa falankin siminti, wanda ake haɗawa da siminti da yashi da zaren itace. Kamfanin James Hardie ne ya fi suna a kansa. Yana da nauyi, ba ya kaɗawa, ƙanƙara ba ta fasa shi da sauƙi kamar yadda take yi wa roba a lokacin sanyi. Kuma ba ya cin wuta. Wannan ya zama abin magana bayan 30 ga Disambar 2021, ranar da iskar da ta wuce kilomita 160 a awa ta koro wutar ciyawa cikin garuruwan Superior da Louisville na jihar Kolorado, gidaje fiye da 1,000 suka ƙone. Roba narkewa take yi ta bar allo a fili. Sai dai na siminti ya fi tsada, sai mutum biyu sun ɗauki falanki guda don kada ya karye, watarana zai nemi fenti, kuma ƙurar yanka shi tana da sinadarin silika mai lalata huhun ma'aikaci in ba a tare ta ba. Shi ma bai tsira daga maganar ƙusa ba: a wurin iska mai tsanani akan buga ta a fuskar falankin maimakon a ɓoye ta a sama. Tsofaffin gidaje na da tasu matsalar, domin wanda aka gina kafin 1978 yana iya ɗauke da fenti mai dalma, wasu kuma da falankin asbestos aka rufe su, cire shi sai da kiyayewa.

Bayan iska ta lafa, sai a shiga rigimar kuɗi. Kafin mai gida ya gama share farfajiya, motocin 'yan kwangila masu lambar wasu jihohi sun cika unguwa. Masu bin guguwa ake ce musu: su ƙwanƙwasa ƙofa, su ce a sa hannu yau, su karɓi kafin alƙalami, wasunsu kuma ba a sake ganinsu. Jikokin masu tallar alminiyam ne, in ka tambaye ni. Inshora ma ba duka take biya ba. A jihohin iska da ƙanƙara, kason da mai gida zai fara biya daga aljihunsa yakan zama kashi 1 ko 2 cikin ɗari na darajar gidan. Gidan dala 300,000 a kashi 2, dala 6,000 ke nan kafin kamfani ya ba da sisi.

Sannan ga launi. Bango ɗaya ya tafi, ukun da suka rage rana ta koɗar da su, masana'anta kuma ta daina yin wannan samfurin. Kamfanin inshora ya ce bango ɗaya zai biya, mai gida ya ce ba zai zauna a gida mai kala biyu ba, ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda a wurare da yawa sai da izininta ake sauya launin gida, ita ma ta ce ba ta yarda ba. Hukuncin ya danganta da jihar da ake ciki da abin da aka rubuta a takardar inshora, kuma irin wannan gardama takan kai gaban alƙali. Shi ya sa tsofaffin kafintoci ke cewa duk wanda ya yi sabon aiki ya sayi kwali guda fiye da buƙata, ya kwantar da shi a gareji inda rana ba ta kai wa, ya rubuta sunan launin da lambar samfurin a jikinsa.