Hawan Babur da Tufafin Fita: Yadda Za Ka Isa Lafiya, Ka Isa Fes

Gundumar Tasawa tana da ƙananan hukumomi 7, ta Mayahi kuma tana da 8. Daga ƙauyuka da yawa, babur ne abin hawa mafi sauƙi zuwa ofishin ƙaramar hukuma, ko kotu, ko fadar sarki. Shi ne ke kai mutumin Korgom ko Urafan cikin garin Tasawa. Shi ne ke kai mutumin Isawan ko Kanambakashe cikin garin Mayahi. Wani baburinsa ne, wani kuwa ɗan kabu-kabu yake biya.

Duk mai zuwa irin waɗannan wurare, ko ɗaurin aure, ko neman aiki, yana so a gan shi tsaf. Wannan daidai ne, domin sutura mutunci ce. Amma tufafin fita ba don hawan babur aka ɗinka su ba. Saboda haka ga shawara: tufafin hanya daban, tufafin taro daban. Ka hau da na hanya, ka ɗauki na taro a jaka, ka sauya in ka isa.

Me hanya ke yi wa tufafi?

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Maraɗi da Damagaram, ta ratsa ta Tasawa, kuma kwalta ce. Amma hanyoyin ƙauyuka yawancinsu rairayi ne ko jar ƙasa. Kowane lokaci na shekara da irin tasa ɓarna.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce. Farar riga takan koma ja kafin a kai rabin hanya.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40. Gumi ya jiƙa riga, ƙura ta manne a kai.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ga ruwan sama, ga taɓo, musamman a kwari irin na Gulbin Kaba. Shaddar da aka kai wa masu bugu, in ruwa ya taɓa ta, shekinta ya tafi.

Me tufafi ke jawo wa mahayi?

Wannan ya fi ɓacin riga muni. Ka dubi baburinka da kyau. A yawancin babura, sarƙa tana gefen hagu, salansa tana gefen dama, ƙafar baya kuma cike take da wayoyi. Idan bakin babbar riga, ko jelar rawani, ko gyale, ko hijabi ya sauka, iska tana iya tura shi cikin sarƙa ko cikin wayoyin. Ƙafar babur ba ta tsayawa ta jira. Nan take za ta naɗe tufar, ta fizgo mai ita ƙasa. In tufar a wuya take, tana iya shaƙe mutum. Salansa kuma tana ƙona ƙafa, tana narkar da yadi mai roba.

Akwai kuma maganar hula. Mutane da yawa suna barin hular kwano a gida don su sa hular ado ko ɗankwali. Hular ado ba ta tare dutse. Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna cewa hular kwano tana rage haɗarin mummunan rauni a kai da kusan kashi 70 cikin 100, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Amma sai an ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba, ita ke fara faɗuwa kafin mai ita.

Yadda za ka shirya tun daren jiya

1. Ka ninke rigar fita bisa karinta na guga ko na bugu. Kada ka cusa ta.
2. Ka naɗe ta cikin tsabtataccen zane, sa'an nan ka sa cikin leda, ka ɗaure bakin. Zanen yana hana yamutsewa, ledar tana tare ƙura da ruwa.
3. Ka sa hular ado a saman kaya don kada ta lotse. Takalmin fita ya shiga ledarsa daban.
4. Takardunka, kamar katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, su ma a sa su cikin leda.
5. Ka tanadi gorar ruwa, da guntun sabulu, da ɗan ƙyalle na share fuska.
6. Ka ɗaure jakar da roba a bayan babur, nesa da salansa. Kada ka haɗa ta da galan na mai. Warin fetur ba ya saurin barin tufa.

Abin da za ka sa a hanya

Ka sa wando da riga mai dogon hannu, waɗanda suka zauna a jikinka. Ka sa rufaffen takalmi, ba silifa ba. Ka rufe hanci da baki da ƙyalle, ka cusa bakinsa cikin riga. Ka sa hular kwano, kai da wanda ka goya.

In ya zama dole ka hau da babbar riga, ka naɗe hannuwanta bisa kafaɗa, ka tattaro gaba da baya, ka zauna a kai. Kafin ka tayar, ka duba hagu da dama, kada wani abu ya yi lilo.

Gare ki, ƴar'uwa

Ki sa wando ƙarƙashin zane. Zama da ƙafa ɗaya a kowane gefe ya fi zaman gefe ɗaya aminci, domin in babur ya karkace cikin rairayi, mai zaman gefe ce ke saurin zamewa. Ki tattaro hijabi ko gyale bisa cinyarki, ki riƙe. Ki ɗaura ƙaramin kallabi ƙarƙashin hular kwano, babban ɗauri kuma sai kin sauka. In kina da goyo, ki duba majanyi da ƙafafun yaro, kada su kusanci ƙafar babur. Kada ki ji nauyin ce wa ɗan kabu-kabu: "Malam, dakata in kintsa." Kuɗinki kika biya, ranki kuma kika ba shi amana.

Ka ba hanya lokacinta

Ga ɗan lissafi. A ce tsakaninka da wurin taro kilomita 30 ne. In kana tafiyar kilomita 30 cikin awa, awa 1 za ka yi. Ka ƙara minti 30 na wanke fuska da sauya kaya. Ke nan in taron ƙarfe 9 ne, ka bar gida kafin 7 da rabi. Sammako yana da wata riba: rana ba ta yi zafi ba, gumi kaɗan ne.

Wanda ya makara shi ke gudu. Ka sani, in gudu ya ninka sau 2, nisan da birki ke bukata kafin babur ya tsaya yana ninkawa sau 4. Sauri ya haifi nawa. In mota ta tayar da ƙura gabanka, ka rage gudu, ka bar ƙurar ta kwanta.

In ka isa

Ka sauka gidan ɗan'uwa, ko shagon wani da ka sani. Ka wanke fuska da hannu da ƙafa tukuna, sa'an nan ka buɗe leda. In ƙura ta hau riga, ka kakkaɓe ta a bushe. Kada ka goga da jiƙaƙƙen hannu, sai ta zama tabo. Da an tashi taro, ka mayar da tufafin hanya. Ta haka riga ɗaya za ta yi maka fita da yawa kafin ta koma wurin wanki, ka ga kuɗin sabulu da na guga sun ragu.

Riga in ta yage, tela yana nan. Kai in ya fashe, ba a saye a kasuwa. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan shafi, ku tunatar da juna ranar da za a fita. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.