Kacici-kacicin da ke Bakin Kalangu

Duk ranar Juma'a karar Wudil kan cika ta batse da shanu, dillalai da fatake da mahauta kowa na harkar gabansa. Inda mahauta suke kuwa, a al'adar Bahaushe, kalangu ba ya nisa, domin tun asali kiɗan fawa ne. A kasuwanninmu na da, in an yi yanka, makaɗin mahauta ne ke sanar da jama'a. Bai buɗe baki ba, amma matan aure a cikin gida sun ji, sun kuma aiki yara da kwano. Yadda aka yi suka ji ɗin shi ne abin dubawa, don akwai ilimi a ciki, akwai kuma wasan ƙwaƙwalwa irin wanda samarinmu ke nema a waya alhali ga shi a ƙofar gida.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana fita ne da karin sama, ko na ƙasa, ko wanda masana ke kira faɗau, kuma wasalinta dogo ne ko gajere. Da wannan ne kunne ke raba wuyan da ake rataya wa laya da wuyar da ake sha, ko da yake rubutunsu ɗaya. Kalangu kuwa an sassaƙa shi ne da siririn ƙugu da baki biyu, aka rufe bakunan da fata, aka haɗa su da tsarkiya. Makaɗi ya saƙale shi a hammata. In ya matse, tsarkiya ta ja fata ta ɗame, sauti ya hau. In ya sassauta, sauti ya sauko. In ya doka da gula yana sakin hannu a lokaci guda, sai sautin ya zamo daga sama zuwa ƙasa, faɗau ke nan. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kuma ita ke nuna gaɓa mai tsawo da gajera.

Abin da kalangu ba zai iya ba shi ne baƙaƙe da wasula. Ba shi da "b", ba shi da "ƙ", ba shi da "a" balle "u". Hawa da sauka da tsayi kawai yake bayarwa, kalmomin Hausa masu hawa da sauka iri ɗaya kuma ba su ƙidayuwa. Ke nan duk abin da makaɗi ya buga, rabin magana ce. Sauran rabin yana kan mai saurare, shi zai cike gurbi da abin da ya sani: a ina ake kiɗan, wa ya shigo fili, wace sana'a ce, wane gida ne. Wani Bature ɗan mishan, John Carrington, ya ga irin wannan a wurin mutanen Kele na ƙasar Kwango, ya rubuta littafi a kai a 1949. Ya lura makaɗansu ba sa buga kalma tilo, sai su miƙe ta ta zama doguwar jimla da kowa ya haddace, don kada a ruɗe. Mu namu maganin shi ne take.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san aikin take. Ɗan dambe na zaune cikin mutanensa, hannu a naɗe da zare, kamar bai san ana yi ba. Makaɗi ya juya kiɗa, bugu kaɗan kawai, sai ka ga mutum ya zabura, jiki na tsuma, ya ɗaga hannu ya shiga kirari. Ba a ambaci sunansa ba. 'Yan kallo da suka san taken tuni sun fara ihu tun bai miƙe ba, baƙo kuwa sai ya waiwaya ya tambayi na kusa da shi. Haka manomi a gayya, haka mafarauci, haka basarake in an buga masa tambari ko an busa algaita.

Mawaƙan fada su ma sun yi nasu salon da baki. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, masu kotso, in za su yi zambo ko habaici ga ɗan sarkin da ke ja da ubangidansu, sau da yawa ba sa kama suna. Sai su siffanta tafiyarsa, ko rowarsa, ko su ba shi sunan wata dabba, a bar fadawa su warware. A ganina wannan ya fi kama suna zafi, domin duk wanda ya gano amsar ya zama abokin tarayya a cikin zambon.

Damuwata ita ce kunnen da ke warware wannan magana yana ƙarewa. Kalangu bai ɓace ba, ana jin sa a biki, ana jin sa a faifan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 amma har yau muryarsa na tashi a shagunan tela da motocin haya. Sai dai yaron da ya tashi da kiɗan fiyano na situdiyo yana jin kalangu ne a matsayin abin rausaya kawai. Carrington ma tun a zamaninsa ya koka cewa yaran makaranta sun daina koyon maganar ganga. Makaɗi kuma in ya ga ba mai gane abin da yake faɗa, ba zai wahalar da kansa ya koya wa ɗansa ba.

Shi ya sa nake ganin a mayar da abin wasa, a sa shi cikin kacici-kacicin da yara suka riga suka sani, wanda in ka kasa sai ka ce ka ba da gari. Jaridun Ingila sun daɗe da irin wannan, inda ake ɓoye kalma cikin jimla mai harshen damo, jaridar The Times ma tun 1930 take buga wasan cike gurbin kalmomi. Hausa ba ta rasa kayan aikin ba. Ga misalan da na tsara. Yana majalisa yana magana da yawun wasu, yana kuma ƙofar fada tsawonsa ya fi na mai busa shi: kakaki. Umarni ne ga ɗalibin da ya ɓata allo, da dare kuma a ja masa izga ya yi kuka: goge. Ba uwa ba uba, ya zauna a garin kuza da gwangwani mai tsarkiya ɗaya: Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wanda ya rasu a 2015. Bi kogin da ya ratsa ƙarƙashin gadar Wudil har garin da ya ba shi suna, ka tambayi mai gurmi: Haruna Uji na Haɗeja. Kowane ɗaya yana da ƙofa biyu, ta ma'ana da ta tarihi, kuma yaron da ya ci ɗaya ya tafi gida da sunan da bai sani ba jiya.

Mataki na sama shi ne a kawo makaɗi da kansa, a ranar gasar makarantu ko a shirin rediyo, ya buga karin magana sananne ko sunan gari, a ce wa ya ji. Za a sha mamakin yadda dattijai za su riga ɗalibai.

Wudil na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ga kara da mahautanta, ga masunta a bakin kogi, ga gidan sarauta na Makaman Kano mai daɗaɗɗen tarihi, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ɗalibin kwamfuta na iya ɗaukar take da waya, ya zana hawa da saukar sautinsa a allo, ya jera shi da muryar makaɗin yana furta kalmomin, a ga inda suka dace da inda hannu ya yi nasa ado. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana tattara waƙoƙin baka da tarihin makaɗa. Abin da ganga ke faɗa shi ma yana buƙatar irin wannan hidima, kuma a ɗauke shi da sauti, don takarda ba ta riƙe shi.

Sai dai a yi hattara wajen ɗauka. Wani taken na gida ne, wani akwai zambon da jikokin wanda aka yi wa suna raye, wani kuma na mahauta da 'yan dambe akwai batsar da ba ta dace da aji ba. A fara tambayar mai kalangu wanne ya yarda a fitar, a rubuta sunansa da na wanda ya koya masa, a kuma biya shi ladan aikinsa kamar yadda ake yi masa kari a fili.